Motar Gida a Bayan Jumum

Utaibiyya, Makka
9 ga Jimada Awwal

Zuwa ga ƙanena Nasrullahi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da Baffa da duk mutanen Ringim. Mu nan alhamdu lillahi, ni da maigidana Abu Shahad da 'yarmu Shahad lafiya muke, ban da Baba.

Ka yi haƙuri da rubutun. A nan aka haife ni, ban koyi haruffan boko ba, da haruffan Larabci nake rubuta Hausa kamar yadda Baba ya koya mini. Zan ɗauki hoton takardar in turo maka. Ba na son kira, domin in Baba ya ji muryar Bahaushe daga waya sai ya fizge ta yana tambayar wane ne, daga nan kuma wunin ya lalace.

Shekara uku ke nan da ciwon mantuwa ya kama shi. Larabcin da ya yi shekara hamsin yana sayar da tsire da shi a unguwar Tandabawi ya zube masa kaf, Hausa kaɗai ta rage. Shahad ba ta jin Hausa, Abu Shahad kuwa tsintarta yake yi. Ni kaɗai ce yake iya magana da ni a gidan nan.

Kullum da hantsi sai ya naɗe dardumarsa ya ɗauki buta ya ce zai tafi gida. Sau biyu ya fice. An same shi a Tandabawi yana tsaye a inda gidanmu yake kafin a rushe shi. Ka san iƙamarsa, wato takardar zamansa, ta daɗe da mutuwa. In aka tare shi a hanya za a iya mayar da shi ƙasarku shi kaɗai, mutumin da bai san sunan 'yarsa kullum ba. Don haka nake kulle ƙofa. Shi kuma sai ya yi ta dukanta da tafin hannu har maƙwabta su fito. Ummu Rakan da ke ƙasanmu ta hau jiya, ta ce, “Maryama, wallahi muna tausaya miki, amma ni ma da marar lafiya a ɗakina.” Ban ga laifinta ba.

Ranar Juma'a Abu Shahad ya fita da mu barr, wato dajin da ke bayan garin Jumum. Baba ya sauka ya zauna gindin wata ƙaya ya miƙe ƙafa. Bai nemi buta ba, bai ce zai tafi ko'ina ba. Ya ci abinci da hannunsa, ya yi barci har la'asar. Rabona da in ga haka na manta.

Saboda haka mun yanke shawara za mu sa Baba a motar gida. Mun ga guda biyu. Ɗaya irin wadda ake ja da wata mota ce, babba, da ɗaki da madafa. Ɗayar tsohuwar bas ce da aka cire kujerunta aka sa gado, tana da injinta. Baffa ya taɓa ce mini aikin sola kake yi. Ka gaya mini, faranti nawa ne za su riƙe mukayyif, ina nufin na'urar sanyaya ɗaki, in babu wuta kusa? Ruwa kuma wane irin tanki ne zai ishe mu? Ba ni da wanda zan tambaya da ba zai so ya sayar mini da wani abu ba.

Ka gaida Baffa.

Yayarka,
Maryama

Ringim
13 ga Jimada Awwal

Yaya Maryama,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya gaba ɗaya. Baffanki dai gwiwa ce take damunsa, amma tun shekaranjiya ya manta da ita.

Ni ba na iya karanta irin rubutunki da sauri, sai na kai wa limamin unguwarmu, ya karanta mana a ƙofar gida Baffanki yana zaune. Da ya zo inda kika ce za ku sa Baban Makka a mota zuwa gida, Baffanki ya ce a sake karantawa. Aka sake. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Can ya ce, “Ina da shekara goma sha tara ya tafi. Ya ce mini bayan Sallah zai dawo.”

Jiya da sassafe ya sa aka fitar da buhunan gero daga ɗakin da ke kusa da zaure. Ya kira magini a gyara rufin. Ya aika Kano a gaya wa Inna Kabira yayansu yana tafe. Ban taɓa ganinsa haka ba.

Amma Yaya, hanyar ce take ba ni tsoro. Akwai teku a tsakani, kuma Sudan ana yaƙi. Ta ina za ku bi? Ko kuwa za a ɗora motar a jirgin ruwa ne? Na san Abu Shahad ba zai yi abu da ka ba, sai dai ki yi mini bayani hankalina ya kwanta.

Batun sola. Na'urar sanyi tana cin wuta fiye da duk abin da za ki sa a motar. Rufin bas zai ɗauki manyan faranti huɗu, ba zai wuce haka ba. Da rana za su iya riƙe ta in batiran masu kyau ne, amma in zafi ya yi tsanani farantin ma rauni yake yi, ƙura kuma tana rage masa ƙarfi, sai ana gogewa kullum. Kada mai sayarwa ya ce miki za ta kwana tana aiki. Ki tambaye shi shekarun batiran, ki ce ya kunna komai a gabanki awa biyu ba tare da injin yana tashe ba. Ruwa kuwa, ki zaɓi wadda tankinta ya fi girma ko da ta fi muni.

Ki gaya mana wata da rana, don mu san shirin da za mu yi.

Ƙanenki,
Nasrullahi

Ringim
20 ga Jimada Sani

Yaya Maryama,

Gaisuwa da fatan alheri. Yau wajen kwana arba'in ban ji daga gare ki ba. Na ga alamar kin buɗe saƙona. Na kira sau biyu ba a ɗauka ba, sai na tuna abin da kika ce game da kira, na daina.

An gama ɗakin, an shafa farar ƙasa, an sa sabuwar katifa. Baffanki ya hana kowa shiga. In ya ji ƙarar babbar mota a kan titi sai ya aiki wani ya dubo. Mutane sun fara tambayata a masallaci.

Ko jikin Baban Makka ne ya tashi? Ko wani abu na faɗa da bai yi miki daɗi ba? Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Nasrullahi

Utaibiyya
6 ga Rajab

Nasrullahi,

Sallama da gaisuwa. Jikin Baba yana nan yadda yake. Ni ce dai ba na samun hutu.

Na karanta takardarka ran da ta zo. Shahad ce ta karanta mini haruffan ba tare da ta san ma'anarsu ba. Da ta kai inda aka fitar da buhunan gero, na ce ta tsaya. Na ɗauko takardata na duba. Motar gida na rubuta, amma harafin ƙarshe na kalmar farko bai fito ba, biron ya tsallake. Motar gida nake nufi, Nasrullahi, mota mai ɗaki a ciki, wadda a nan ake kira karafan. Za mu kai ta daji mu ajiye, mu zauna a cikinta inda babu ƙofar da zai doka. Babu inda za mu zo. Baba ba zai iya fita daga ƙasar nan ba sai ta hanyar da ba a dawowa, kuma ba zai jure awa ɗaya cikin baƙi ba tare da ni ba.

Sau huɗu na zauna zan rubuto maka haka na kasa. Laifina ne da na bar Baffa yana jira har tsawon wannan lokaci. Ka roƙar mini gafararsa.

Mun je Jidda mun sake duba motocin. Na yi yadda ka ce. Mai babbar da ake ja, wani Bandar, ya ƙi kashe janareta, ya ce ai kowa da janareta yake fita barr. Na ce masa mahaifina ba ya jure ƙara. Ya ce, “To hajiya, otal kike nema, ba karafan ba.” Ita ce mai kyau, da banɗaki mai faɗi da zan iya yi wa Baba wanka a ciki. Bas ɗin kuwa banɗakinta kamar akwati, sai an sunkuya. Amma mai ita ya kashe injin ya kunna mukayyif, muka zauna awa biyu tana aiki. Tankinta lita ɗari biyu ne.

Abu Shahad babbar yake so. Ya ce in za a yi abu a yi mai kyau. Amma shi a otal yake aiki, da motarsa zai riƙa dawowa gari, ya bar mu can. Ni na iya tuƙi, sai dai ban taɓa tuƙa abu mai girman bas ba.

Mai gidan da muke haya ya ce in dukan ƙofar nan bai tsaya ba mu nemi wani wuri bayan Hajji. Ka zaɓa mini, na gaji da tunani. Kuma ka gaya wa Baffa tun yau.

Maryama

Ringim
10 ga Rajab

Yaya Maryama,

Na samu takardarki. Wannan karon ni kaɗai na zauna na karanta, harafi bayan harafi, ya ɗauke ni daga azahar zuwa la'asar. Lafiyarmu ƙalau. Allah ya ba Baban Makka sauƙi, ke kuma ya ba ki lada.

Ba laifinki ba ne ke kaɗai. Da na yi tunani da na gane, wa zai tambayi faranti nawa don tafiyar da ba ta yiwuwa? Na ga murnar tsoho ne na bi ta.

Ki ɗauki bas. In jikinsa ya rikice kuna can, ɗakin da ba shi da inji ba zai kai ku asibiti ba. Ki koyi tuƙa ta a fili kafin ku fita. Kada ki shiga da ita yashi mai laushi, tana da nauyi kuma tayoyin baya ne kaɗai suke ja. Ki ajiye ta kan ƙasa mai tauri, gabanta yana kallon hanya.

Amma zan gaya miki gaskiya. Lita ɗari biyu, da wankan marar lafiya da wankin kayansa, kwana uku ne ko huɗu. Sanyin da kika ji a Jidda kuma na wannan wata ne. In zafinku ya shigo, ban yi imani faranti huɗu za su riƙe ku da tsakar rana ba. Babu motar da take ɗauke da kanta har abada, sai dai ta ba ku 'yan kwanaki. In za ku fita, ku fita yanzu.

Ban gaya wa Baffanki ba. Na shiga da niyyar faɗa, na tarar da shi ya sa an kawo masa tela yana gwada masa riga. Ya ce ba zai tarbi yayansa da tsohuwar riga ba. Na ce masa ana ta shirin takardu. Ki ba ni lokaci kaɗan.

Nasrullahi

Utaibiyya
24 ga Shawwal

Nasrullahi,

Barka da shan ruwa, ko da yake azumi ya wuce. Ina fatan kun yi Sallah lafiya. Ban da labari mai daɗi.

Mun sayi bas ɗin a Sha'aban. Gyaran birki ya ci mako uku, sai azumi ya shigo, kuma a azumi Abu Shahad ba ya samun ko rabin wuni daga otal. Ba mu fita ba sai bayan Sallah da kwana biyar. Ka ce mu fita da wuri, na sani.

Kwana biyun farko na ɗauka mun dace. Na ajiye ta kan tudu mai tauri kusa da ƙayar nan. Baba yana sauka da safe ya zauna a inuwa, ina dafa shayi ƙofa a buɗe. Har waƙa ya yi mini, wata ta masu noma da ban taɓa ji ba.

Rana ta uku ya ƙi sauka. Ya je ya zauna a kujerar gaba, darduma a cinya. Ya ce, “Yaushe direba zai zo?” Na ce babu direba, Baba, nan za mu zauna. Ya ce, “An cika mota ai. Me ake jira?” Haka ya yi ta tambaya har magariba. A gida ƙofa yake doka. A nan ni ya riƙa kallo kamar ni ce na hana motar tashi.

Daga rana ta huɗu mukayyif ya fara ɗaukewa da ƙarfe biyu. Na goge farantan, na kashe firji, duk da haka sai ya yi ƙara ya tsaya. Ina jiƙa tawul ina ɗora masa, ruwan yana raguwa ina gani.

Rana ta biyar da hantsi ya ɓata jikinsa. Na yi masa wanka na zaunar da shi, na zaga bayan mota ina wanke wandon. Ban fi minti goma sha biyar ba. Da na dawo, takalmansa ne kawai a bakin ƙofa.

Nasrullahi, abin da ban taɓa tunani ba ke nan. A gari in ya fice, mai shago ya gan shi, mai wanki ya gan shi, wani zai ce ya bi nan. A can babu wanda zan tambaya. Duwatsu ne ko'ina da kwazazzabai. Na kira shi har muryata ta dushe. Sannan na yi abin da ka hana ni, na tayar da bas na bi kwari. Ban yi nisa ba ta nutse a yashi har ciki. Na hau dutse kafin waya ta kama, na kira Abu Shahad.

Wani makiyayin raƙuma ɗan Sudan ne ya same shi bayan awa uku, a zaune cikin rana. Ya ɗauko shi a bayan motarsa. Ya ce da ya tambaye shi ina za shi, yamma kawai ya nuna masa. Tafin ƙafafunsa duka biyu sun ƙone, fatar ta saɓule.

Muna gida yanzu. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar unguwarmu, Haifa, tana zuwa tana wanke masa. Ta ce a shekarunsa da wuya ya sake takawa kamar da. Tun ranar bai tashi daga gado ba, maganarsa ma ta ragu. Ba na kulle ƙofa yanzu. Ummu Rakan ta hau da abinci ta ce gidan ya yi shiru, sai ta kama bakinta.

An janyo bas ɗin, tana wani fili a unguwar Shisha. Abu Shahad bai ce mini komai ba, ko kalma ɗaya ta zargi. Da ma ya faɗa.

Kada ka ce zaɓinka ne. Da babbar muka saya, da a ƙafa zan bi shi.

Maryama

Ringim
27 ga Shawwal

Yaya Maryama,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta sau biyu. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Ki riƙa cin abinci, ki bar wani ya karɓe ki ko na awa ɗaya ne.

Na gaya wa Baffanki jiya bayan azahar. Na faɗa masa komai, tun daga harafin da bai fito ba har zuwa ƙafafun. Na ce na sani tun Rajab. Na zaci zai yi mini faɗa. Sai kawai ya ce, “Na fara zargin haka tun da azumi ya wuce.” Bai fita la'asar ba, a ɗaki ya yi.

Yau da safe ya kira ni. Ya ce ba ya neman ya zo, ya haƙura. Abu ɗaya yake so ki yi masa. Ki je kusa da kunnensa ki ce ƙanensa Mailafiya yana gaishe shi, ki ga ko ya san sunan. Ya ce duk abin da ya amsa, a gaya masa yadda yake.

Nasrullahi

Utaibiyya
2 ga Zulƙida

Nasrullahi,

Gaisuwa. Ƙafar dama tana warkewa, ta hagu ta fara ruwa.

Na yi abin da Baffa ya ce. Na zaɓi safiya, lokacin da hankalinsa ya fi zama, bayan ya sha kunu. Na ce, “Baba, ƙanenka Mailafiya yana gaishe ka daga Ringim.” Ya kalli bango. Na bari sai washegari na sake, bai motsa ba. Yau na faɗa a karo na uku, a hankali, na riƙe hannunsa.

Ya juyo ya dube ni sosai, har na ɗauka ya gane. Sai ya janye hannunsa ya ce, “Baiwar Allah, ke 'yar gidan wa ce?”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Baffa ya ce a gaya masa yadda yake, ga shi na rubuta yadda yake. Amma kai ne za ka tsaya a gabansa, ba ni ba. In ka shiga ka ce masa ya tuna, ba zan ƙaryata ka ba.

Yayarka,
Maryama